Shin strncpy ta isa kariya a C?

Masu koyon C, harshen rubuta manhajar kwamfuta, a nan Katsina sun daɗe suna jin cewa wanda ya bar strcpy (mai kwafar rubutu ba iyaka) ya koma strncpy (mai kwafa da iyaka) ya tsira. Ba laifinsu ba ne, haka aka gada.

Gaskiya ne strncpy ba ta wuce adadin da ka ba ta. Amma idan rubutun ya kai adadin, ba ta sa '\0', alamar tsayawar rubutu, a ƙarshe. Gwada da kanka: ware char buf[5], wato wurin haruffa biyar, ka kwafa "Katsina" da iyaka 5. "Katsi" ne zai shiga babu alamar tsayawa, sai printf, mai nuna rubutu a allo, ta zarce tana karanta abin da ba naka ba. Haɗa shirin a gcc, manhajar haɗa shirin C, da zaɓin -fsanitize=address, zai nuna maka wurin. Ni dai snprintf na fi so wajen kwafar rubutu, tana rufe ƙarshen da kanta.

Don Allah a tura wa abokan karatu.