Hutu a Zanzibar: tambayoyin da ya kamata a amsa kafin a sayi tikiti

Hotunan farin yashi da shuɗin ruwa da muke gani a wayoyinmu gaskiya ne, sai dai kowane ɗaya daga cikinsu an ɗauke shi ne a wani wata na shekara, a wata sa'a ta yini, kuma hoton ba ya faɗin wane wata ne ko wace sa'a. Wanda zai kai iyalinsa hutu irin waɗannan tsibirai yana bukatar ya san kalandar wurin kafin ya san farashinsa. Na ɗauki Zanzibar a matsayin misali domin tana cikin wuraren da mutanenmu suka fi tambaya a kansu, kuma yawancin abin da za a faɗa a kanta ya shafi sauran tsibiran ƙasashe masu zafi.

Ina ne Zanzibar, kuma ƙasa ce mai cin gashin kanta?

Zanzibar tarin tsibirai ne a Tekun Indiya, daura da gaɓar Afirka ta Gabas, kuma manya a cikinsu su ne Unguja da Pemba. Idan aka ce wani ya tafi hutu Zanzibar, kusan kullum Unguja ake nufi. Tun watan Afrilu na 1964 ta haɗe da Tanganyika suka zama Tanzaniya, amma har yau tana da shugabanta da majalisarta. Wannan ya shafi matafiyi kai tsaye, domin bizar da zai nema ta Tanzaniya ce, amma akwai wasu ƙa'idoji da gwamnatin Zanzibar ta shimfiɗa wa baƙinta ita kaɗai.

Wane lokaci ne ya fi dacewa a je?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata ta zo gaban kowace, kuma ita ce aka fi tsallakewa. Mu a ƙasar Hausa damina ɗaya muka sani, amma Zanzibar tana da biyu. Babbar, wadda suke kira masika, tana sauka daga Maris zuwa Mayu, kuma a watan Afrilu ana iya wuni ana kwana ana tafka ruwa, har wasu masaukai na bakin teku sukan rufe su yi gyare-gyare. Ƙaramar, wato vuli, tana zuwa wajen Nuwamba zuwa farkon Disamba, ruwanta yakan zuba na ɗan lokaci ya ɗauke, rana ta fito.

Daga Yuni zuwa Oktoba gari yana bushe, iska tana kaɗawa daga kudu, zafi kuma yana da sauƙi. Abin farin ciki ga mai iyali shi ne dogon hutun makarantu na Agusta ya faɗo a tsakiyar wannan lokaci. Hutun Afrilu kuwa ya yi daidai da tsakiyar masika, shi ya sa idan ka ga an karya farashin otal a wannan wata, to ka san ruwan sama ne ya karya shi. Janairu da Fabrairu ma babu ruwa sosai, amma akwai zafi mai haɗe da laima, wanda ya bambanta da busasshen zafin Kano ko Damagaram, domin gumi ba ya bushewa a jiki. Ƙarshen Disamba shi ne lokacin da Turawa ke tururuwa suna guje wa sanyin ƙasashensu, kuma a nan ne kuɗin masauki ke kaiwa ƙololuwa.

Kada a ɗauki wannan jadawali a ɗora wa kowane tsibiri. A Maldives, wadda ita ma a Tekun Indiya take, watannin Mayu zuwa Oktoba su ne na ruwa da iska, lokacinta mai kyau kuwa daga Disamba ne zuwa Afrilu. Wato watan Agustan da ya dace da Zanzibar bai dace da Maldives ba.

Yaya batun biza yake ga mai fasfon Najeriya ko Nijar?

A nan ne ake yin asarar da ta fi ciwo. Baƙi daga ƙasashe da yawa suna karɓar bizar Tanzaniya a filin jirgi ko ta intanet cikin kwanaki kaɗan, amma Najeriya da Nijar da Chadi suna cikin jerin ƙasashen da sai an miƙa takardunsu ga manyan jami'an shige da fice sun duba sun amince tukuna. Wannan bincike yana iya ɗaukar makonni, wani lokaci har ya kusa wata biyu, kuma hukumar da kanta tana gargaɗin kada mai nema ya biya kuɗin jirgi ko na otal kafin amincewa ta fito. 'Yan'uwanmu masu fasfon Ghana ba sa bukatar biza don gajeriyar ziyara.

Saboda haka tsarin da nake ba da shawara shi ne a fara zaɓar wata, a ƙirga baya aƙalla wata uku a shigar da neman biza, a riƙe ɗaki a otal ɗin da ya yarda a soke ba tare da tara ba, sannan sai biza ta fito a sayi tikiti. Idan wani dillalin tafiye-tafiye ya ce ka biya komai yau shi zai san yadda zai yi da biza, ka tambaye shi a rubuce wanda zai ɗauki asarar idan ba ta fito kan lokaci ba. A duba shafin hukumar shige da fice ta Tanzaniya a ranar da za a nema, domin irin waɗannan dokoki suna sauyawa. Fasfo kuma ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare, har da na yara.

Ban da biza, waɗanne takardu ake tambaya?

Na farko shi ne katin rigakafin cutar shawara, mai launin ruwan ɗorawa. Duk wanda ya fito daga ƙasar da ake samun wannan cuta, kamar Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan, ana sa ran ya nuna shi. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda haka ba abin da za a bari sai jajibirin tafiya ba ne, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa allura ɗaya ta isa har tsawon rai. A yi allurar da gaske, kada a sayi kati kawai.

Na biyu shi ne inshorar dole. Daga 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshorarta, a kan dala 44 ga babban mutum, ko da kuwa mutum yana da wata inshorar daga gida. Ana saye ta intanet kafin tashi, kuma ga mai iyali kuɗi ne da ya kamata ya shiga lissafi tun farko.

Ta ina ake bi a isa?

Daga Kano ko Abuja, yawanci ana yada zango ne a Addis Ababa da jirgin Ethiopian Airlines ko a Doha da Qatar Airways, daga Legas kuma akwai hanyar Nairobi. Filin jirgin Unguja sunansa Abeid Amani Karume. Wanda ya sauka a Dar es Salaam zai iya ƙarasawa da jirgin ruwa mai sauri cikin kusan sa'a biyu. Agogon Tanzaniya yana gaban namu da sa'a biyu, kuma masu magana da Swahili suna fara ƙirga sa'o'i ne daga fitowar rana, ta yadda ƙarfe bakwai na safe a wurinsu shi ne saa moja, wato ƙarfe ɗaya. Idan ka yi alkawari da direba ko mai kwalekwale, ka tabbatar da wane lissafi yake nufi.

A wane ɓangare na tsibirin ya kamata a sauka?

Amsar ta dogara ne da abin da teku ke yi a wurin. Sau biyu a kowace rana ruwa yana cika yana janyewa, kuma a gaɓar gabas, wajen Paje da Jambiani da Bwejuu, ƙasan tekun a shimfiɗe yake, don haka idan ruwa ya janye yakan yi nisan ɗaruruwan mitoci. Mutum zai kwanta ruwa yana dukan katangar masaukinsa, ya fito da hantsi ya tarar da fili fetal, jiragen masunta sun kwanta a kan gefensu cikin jiƙaƙƙen yashi, can nesa kuma mata sun duƙa cikin ruwa iya ƙwauri, suna ɗaura ciyawar teku a jikin igiyoyin da suka miƙa tsakanin turaku. Noma ne na sosai, suna shanya ciyawar su sayar, kuma a ganina kallon wannan aiki yana cikin abubuwan da suka fi cancantar a je dominsu. Amma wanda ya biya kuɗi domin yaransa su yi wanka a duk lokacin da suka ga dama zai ji an cuce shi.

Irin wannan mutum sai ya nufi arewa, Nungwi ko Kendwa, inda gaɓa ke da gangara kuma ruwa ba ya nisa. Sai dai can ne cunkoson baƙi da kiɗan dare suka fi yawa, saboda haka mai neman natsuwa ya tambayi otal tazarar da ke tsakaninsa da wuraren shagali. Lokutan cikar ruwa da janyewarsa suna matsawa gaba da kusan minti hamsin kowace rana, kuma ana samun jadawalinsu a intanet tun kafin a bar gida.

Musulmi mai iyali zai sake a wurin?

Ƙwarai kuwa. Mafi rinjayen mutanen Zanzibar Musulmi ne, masallatai suna ko'ina, kuma macen da ta sa hijabi ba baƙuwar shiga ta yi ba. Yawancinsu mabiya mazhabar Shafi'iyya ne, tare da 'yan Ibadiyya da suka samo asali daga Oman, don haka wanda ya saba da Malikiyya zai ji liman yana bayyana Bisimilla a karatu, ya kuma ɗaga murya a Alƙunutun Asuba. Abincin gari halal ne, shinkafa da kifi da miyar kwakwa. Manyan otal-otal na bakin teku kuwa an tsara su ne domin Turawa, ana sayar da giya, wasu suna dafa naman alade, shigar baƙin kuma ba irin wadda muka saba ba ce. Wanda wannan zai dame shi ya nemi gidan haya mai madafi ko ƙaramin masauki da ba ya sayar da giya, kuma ya tambaya a fili kafin ya biya. A watan azumi gidajen abinci da yawa na cikin gari ba sa buɗewa da rana.

Wane kuɗi za a riƙe, kuma yaya ciniki yake?

Kuɗin ƙasar shi ne shilin na Tanzaniya, kuma a 2025 hukumomi sun ƙara tsananta cewa da shi za a riƙa cinikin cikin gida. Ba a canjin naira ko sefa a can, saboda haka a sayi dala tun daga gida, a kuma gaya wa ɗan canji ya ba da sabbin takardu marasa yagewa, domin ana yawan ƙin karɓar tsofaffi. Kada a dogara da katin banki ɗaya. A tambayi otal ko farashinsa ya haɗa da harajin kwana da ake karɓa daga kowane baƙo, sannan a yi jinga da mai tasi kafin a shiga mota. A kasuwar Darajani Bahaushe zai ji lambobin da kunnensa ya sani, ishirini da thelathini da arobaini da hamsini, domin harsunan biyu daga Larabci suka aro su, kamar yadda kanumfarinmu da karafuu ɗinsu tushensu ɗaya. Kada a zuba tsaraba a jakar leda, domin Tanzaniya ta haramta ta tun Yuni 2019.

Wane haɗari ya fi kamata a kiyaye?

Ruwa. Yawancinmu mun tashi nesa da teku, kuma wanda ya iya iyo a kududdufi ko a dam bai san ƙarfin igiyar ruwa ba. A Satumba 2011 wani jirgin fasinja da aka yi wa lodi fiye da kima ya nutse tsakanin Unguja da Pemba, aka rasa rayuka masu yawa. Duk kwalekwalen da za a shiga, a ƙirga rigunan hana nutsewa kafin ya tashi, a tabbatar akwai masu daidai da jikin yara, idan babu a fasa. A sa takalmin roba idan za a taka cikin ruwa, saboda wasu halittu masu ƙaya da ke kwance a ƙasa. Zazzaɓin cizon sauro ya ragu sosai a tsibirin amma bai ƙare ba, don haka a kwana cikin gidan sauro, a sha ruwan gora, mai shan magani kullum kuma ya tafi da abin da zai ishe shi cikin kwalinsa na asali.

Kwana nawa za su isa, kuma me za a gani ban da teku?

Mako guda ya isa idan aka raba shi, kwana biyu a tsohon gari, sauran a bakin teku. Tsohon garin, wato Mji Mkongwe da aka fi sani da Stone Town, yana cikin wuraren tarihi na duniya da UNESCO ta amince da su tun 2000, kuma lungunansa da ƙofofinsa na katako masu sassaƙa suna ɗauke da tarihin zamanin da Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mayar da fadarsa can a ƙarni na 19. A nan ne kuma aka yi babbar kasuwar bayi da aka rufe a 1873, inda aka gina coci a kan filinta, kuma ya kamata a kai yara masu hankali su ga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi a wurin. Akwai dajin Jozani mai jajayen birai da ba a samun irinsu sai a Zanzibar, da tsibirin Changuu mai manyan kunkuru, da gonakin kayan ƙamshi inda za a ɓare maka ɓawon kirfa daga jikin itace ka shinshina. Bayan Magariba masu gashi suna jera tebura a lambun Forodhani da ke bakin ruwa, ana matse rake da citta da lemun tsami a gabanka, kuma a nan ma a zaɓi kifin da aka gasa a kan idonka, a tambayi kuɗinsa kafin a ɗora shi a wuta.