Farfaɗo da tsofaffin babura masu bugu biyu na kwalta da daji

Babur na kwalta da daji shi ne wanda aka ƙera da fitila da lamba don ya hau titi, aka kuma ɗaga masa jiki, aka sa masa tayoyi masu gargada da salansa a sama domin ya ratsa yashi da laka. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1980, akasarin irin waɗannan babura injin bugu biyu gare su, wato injin da fistin ɗinsa ke gama zagayen aiki a hawa ɗaya da sauka ɗaya. Farfaɗo da su, wato maido da wanda ya daɗe a ajiye har ya koma aiki da kamanninsa na asali, ya zama sana'a da sha'awa a ƙasashe da dama.

Asali

Kamfanonin Turai irin su Bultaco, Montesa da Ossa na Sifen sun daɗe suna ƙera baburan daji, amma wanda ya buɗe kasuwar baburan kwalta da daji shi ne Yamaha DT-1, mai injin cc 250, da ya fito a 1968. Suzuki ya biyo baya da TS250 a 1969, Kawasaki ya kawo jerin F sannan KE, Honda kuma, wanda aka sani da bugu huɗu, ya fitar da MT250 a tsakiyar shekarun 1970. Dokokin rage hayaƙi da Amurka ta fara ɗora wa babura a 1978 sun kori manyan masu bugu biyu daga titunan can. Ƙananan sun daɗe: Kawasaki KE100 bai bar kasuwa ba sai 2001.

Injin da abin da ke kashe shi

Injin bugu biyu yana kunna wuta a kowane juyi ɗaya na karanshaf, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa. Ba shi da bawul a kansa. Ramuka ne a jikin silinda, fistin ke buɗe su yana rufewa. Cakuɗen fetur da iska yakan fara shiga ɗakin karanshaf, a matse shi a can, sannan ya haura sama. Wannan sauƙin ne ya sa mutum ɗaya da 'yan sifanu zai iya kwance injin gaba ɗaya.

Amma a nan ma rauninsa yake. Tunda ɗakin karanshaf ne ke tura cakuɗen, dole ya kasance a toshe ruf. Sil biyu na roba da ke gefen karanshaf sukan bushe idan babur ya yi shekaru a ajiye. Na ɓangaren maganeto, wato na'urar da ke samar da wutar lantarki, in ya lalace iska yake tsotsa, fetur ya yi kaɗan, injin ya yi zafi har fistin ya manne da silinda. Na ɓangaren kuloci kuwa, a yawancin injina, man giya yake zuƙa, sai hayaƙi ya turnuƙe. Babur na iya tashi da an taka kik sau ɗaya alhali sil ɗinsa ya mutu, shi ya sa ƙwararru ba sa yarda da tashin injin a matsayin shaida. Sukan toshe mashiga da mafita, su hura iska kaɗan, su ga ko za ta zauna.

Sai batun man injin, wanda bugu biyu ke ƙonawa tare da fetur. Baburan Japan sun zo da famfon da ke auna man injin da kansa: Yamaha na kiransa Autolube, Suzuki na kiran nasa CCI. Wasu kan cire famfon su koma haɗa mai da fetur a tanki. Wannan yana yiwuwa a Yamaha, amma a wasu injinan Suzuki famfon ne ke kai mai kai tsaye ga boris, don haka cire shi ganganci ne. Abin da ya fi shi ne a sauya bututun man, a fitar da iskar da ta maƙale, a daidaita wayar famfon da totur.

Silindar da ta cinye akan yashe ta a sa fistin mafi girma, mataki-mataki: milimita 0.25, 0.50, har abin da ƙarfen zai ɗauka. Kowane mataki da aka ci ba ya dawowa, saboda haka ba a tsallake shi a banza. Bayan yashewa sai a goge bakin ramukan, in ba haka ba su kama zoben fistin su karya shi. Sauran aikin sananne ne: wanke kafireto, cire tsatsar tanki, ƙone dattin da ya toshe salansa, da duba kwantak, wato maɓallin da ke daidaita tartsatsin fulogi, da wayoyin wutar bolt 6.

Neman kayan gyara

Kayan injin ba su ne masu wuya ba. Boris da sil galibi suna da lamba ko awo na bai-ɗaya, kamar 6205, don haka ana samunsu wajen masu kayan injinan masana'antu. Fistin, gasket, sarƙa da fulogi har yanzu ana ƙera su. Abin da ke tsayar da aiki shekara guda shi ne murfin gefe, robar akwatin iska, agogon mita, kujera da salansar asali, domin su ne aka fara fasawa ko yarwa tun babur na sabo.

Kaya iri huɗu ne a kasuwa: sabbin da kamfanin bai daina yi ba, tsofaffin da ba a taɓa ɗaurawa ba da suka saura a shagunan dillalai, na hannu da aka cire daga wani babur, da kwaikwayon da wasu masana'antu ke yi, wanda ingancinsa ya bambanta ƙwarai. Kayan roba ko a kwali suke sukan tsufa, don haka sabon sil ya fi tsohon na asali.

Mabuɗin nema shi ne lamba. Lambar firam da ta injin ke faɗin ainihin samfuri da shekara, littafin kayan kamfanin kuma ya ba da lambar kowane ƙarfe. A tsarin Yamaha, alamomi uku na farko na lambar kayan suna nuna baburin da aka fara yi wa kayan, kuma sau da yawa abu ɗaya yana shiga samfura da yawa. Ga baburan da kamfaninsu ya rufe, kamar Bultaco a 1983, masu gyara sukan sayi babur na biyu matacce su riƙa cire masa kaya.