Zuwa makaranta a ƙafa ba ya hana yaro karatu

Iyaye da yawa sun daɗe da ɗaukar cewa yaron da ya taka zuwa makaranta zai shiga aji a gajiye, karatu ya ƙi shiga. Wasu kuma gani suke motsa jiki sai an shiga filin wasa, tafiya ba ta cikin lissafi. Duka biyun kuskure ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa samun aƙalla minti 60 na motsa jiki a rana, irin wanda ke ɗan ƙara saurin numfashi. Ba dole sai a lokaci guda ba. Yaron da ya yi minti 15 yana ɗaga ƙafa da jaka a baya, ya maimaita a dawowa, ya samu rabi ke nan. Mai taka keke ma haka, har ya fi idan akwai hawa.

Batun gajiya kuwa, dubi yaron a bakin ƙofar makaranta: goshi ya ɗan jiƙe, barci ya wartsake, jini ya zagaya jiki. Abin da ke kawo gyangyaɗi a aji galibi ƙarancin barci ne ko yunwa.

Abin yana damuna ƙwarai, domin binciken da hukumar ta fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa samun isasshen motsa jiki, kuma 'yan mata aka fi bari a baya. Inda hanyar ke da nisa ko haɗarin motoci, a sauke yaro kafin a ƙarasa ya taka sauran, ko yara su tafi tare da rakiyar babba.