Waiwaye: Tarihin Adana Nasaba a Sakkwato, Daga Gafakar Malamai Zuwa Ƙungiyoyin Zuri'a

A 'yan shekarun nan ƙungiyoyin zuri'a sun yawaita a Sakkwato da garuruwan da ke kewaye da ita. Gidan da ya yi rassa, wasu a cikin birni, wasu a Wurno ko Tambuwal ko Gwadabawa, wasu kuma aiki ya kai su Kaduna da Abuja, yakan tsayar da rana, galibi bayan Sallah da kwanaki kaɗan, a taru a ga juna, a yi wa magabata addu'a, a tara gudummawa domin marayu da marasa lafiya. A yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi akwai kwamitin da ake ɗora wa tattara sunaye, wane ya haifi wane, wance ina aka kai ta aure, har a kai ga buga takarda mai faɗi wadda aka jera zuri'a a kanta tun daga kakan da ake jingina gare shi zuwa jariran bana. Matasan da ke wannan hidima da waya da kwamfuta sun cancanci yabo, kuma zai amfane su su san cewa aikin da suka ɗauka ya girmi ganuwar birnin da suke zaune a ciki.

Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, alhali gidan da ya fito ya daɗe yana riƙe da sunayen kakanninsa. An haifi mahaifinsa, Shehu Usmanu, a Maratta a 1754, ya tashi a Ɗegel, kuma nasabarsa sananniya ce: ɗan Muhammadu Fodiyo, ɗan Usmanu, ɗan Salihu, ɗan Haruna, ɗan Muhammadu Gurɗo, ɗan Jaɓɓo, haka har zuwa Musa Jakollo, wanda ya jagoranci wani reshe na Fulani Toronkawa daga Futa Toro ya sauka da su a ƙasar Ƙonni. Ƙanen Shehu, Malam Abdullahi na Gwandu, shi ya fi kowa kula da wannan fanni a zamaninsa. A cikin Ida'un Nusukhi, wanda ya rubuta a 1812, ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu, kuma mai karatu zai lura cewa da yawansu baffanni ne da kawunnai da sauran dangi, ta yadda salsalar ilimi da nasabar jini suka sarƙu da juna. A nan ne kuma ya kawo labarin da ke danganta asalin Fulani da Uƙubatu, Balaraben da aka ce ya auri 'yar sarkin Toro. Masana tarihi na yau ba su ɗauki wannan labari a matsayin tabbataccen abu ba, amma abin lura shi ne Malam Abdullahi da kansa ya jingina shi ga abin da suka ji ana faɗa. Ya bambanta abin da ya sani da abin da ya ji, kuma a ganina wannan shi ne gadon da ya fi daraja a cikin duk abin da ya bar wa masu neman asali.

Dalilin kulawar malaman jihadi da nasaba na addini ne kafin komai. Alƙur'ani a Suratul Hujurati ya bayyana cewa an sanya mutane dangogi da ƙabilu domin su san juna, mafi daraja kuma shi ne mafi tsoron Allah, sannan akwai hadisin da ke umurni da a koyi abin da zai taimaka wajen sada zumunta daga cikin nasaba. Alƙali ba zai iya raba gado ba sai ya san magada da asaba, wato dangi maza ta wajen uba, ba a ɗaura aure sai an san waliyyi an kuma tabbatar babu haramcin jini ko na shayarwa. Tare da haka, Shehu ya soki sarakunan Hausa na zamaninsa a kan gadon sarauta ba tare da shawara ba, ya kuma yi hani ga alfahari da asali. Wannan ja-in-ja tsakanin sanin nasaba domin zumunta da amfani da ita domin neman fifiko ba ta taɓa barin Sakkwato ba.

Bayan rasuwar Shehu a 1817 aikin adanawa ya koma hannun Waziri Giɗaɗo ɗan Laima da matarsa Nana Asma'u 'yar Shehu. Littafin Giɗaɗo mai suna Raulul Jinani ya ƙunshi jerin sunayen matan Shehu da 'ya'yansa da almajiransa da masu yi masa hidima, ita kuma Asma'u ta ajiye sunayen 'yan uwa da malamai, maza da mata, a cikin waƙoƙinta na marsiyya da na tarihi. Daga nan gidan waziri ya zama taskar daular, kuma unguwar Giɗaɗawa har yau tana ɗauke da sunan kakan. A ɗaya ɓangaren, tsarin ribaɗi, wato kafa garuruwan tsaron iyaka, ya rarraba 'ya'ya da jikokin Shehu a garuruwa: Bello ya zauna Wurno inda kabarinsa yake, zuri'ar Buhari ta kafu a Tambuwal, Ahmadu Rufa'i a Silame, Isa Autan Shehu a Kware, Ahmadu ɗan Atiku a Cimmola, ɗansa Maiturare kuma ya kafa Gwadabawa. Kowane gari ya zama reshe mai lissafin kansa. Sarautar Sarkin Musulmi ta riƙa zagayawa musamman tsakanin gidan Bello da gidan Atiku, in ban da Ahmadu Rufa'i da ya hau a 1867, da Ibrahim Dasuƙi na gidan Buhari da aka naɗa a 1988. Masu zaɓen sarki su ma, irin su Sarkin Yaƙin Binji da Sarkin Kabin Yabo da Magajin Gari da Galadiman Gari, suna zaune a kujerunsu ne da sunan kakannin da suka tsaya tare da Shehu. Saboda haka nasabar waɗannan gidaje ba ta taɓa rasa mai tsaronta ba, domin mulki ya rataya a kanta.

Sauran jama'a da wata hanyar suka riƙe asalinsu. Manomi da maƙeri da majemi da masaƙi ba su da kundi, amma suna da tsofaffin gida, suna da maroƙa da sanƙirori waɗanda ke jero kakannin mutum a wurin suna ko ɗaurin aure, kuma suna da askar wanzami. Tsagar fuska takan nuna Bagobiri ko Bakabe ko Bazamfare ko Ba'adare tun kafin ya buɗe baki. Wasan taubasantaka, kamar wanda ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa, ko Kabawa da Katsinawa, ko Fulani da Barebari, shi ma yana tuna wa mutane daga ina suka fito. Sana'a kanta gado ce, shi ya sa sunayen unguwanni irin su Marina da Takalmawa suke faɗin abin da mazaunansu na farko ke yi. Yawancin waɗannan alamomi sun ja baya. An daina yi wa yara tsaga a gidaje da yawa, kuma akwai hujjar lafiya mai ƙarfi a kan hakan, sai dai ba a maye gurbinta da rubutu ba.

Zuwan Turawa ya yanke zuri'o'i ta fuska biyu. Bayan sun ci Sakkwato a ranar 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira zuwa gabas tare da ɗimbin jama'a, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na wannan shekara, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin kogin Nilu. Gidaje da yawa a ƙasar Sakkwato suna da dangi a can waɗanda ba su taɓa gani ba. Sannan iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta bar Ƙonni da Maratta a cikin ƙasar da ta zama Jamhuriyar Nijar, wato mahaifar Shehu da mazaunin kakanninsa suka koma wata ƙasa daban. A lokaci guda kuma Turawan sun shiga rubuta nasaba da himma, domin suna bukatar sanin gidan da za a ɗauko hakimi ko dagaci. Razdan Arnett ya wallafa bayanin lardin Sakkwato a 1920, kuma jami'an da ke zagayen ƙiyasin haraji sun zana jerin sarakunan gundumomi a rahotanninsu, waɗanda da yawansu suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Takardun suna da amfani ƙwarai, amma dole a karanta su da lura, saboda wanda ke kan gadon sarauta a ranar da Bature ya zo shi ne ya ba da labari, ta bakin tafinta, kuma ba kowane lokaci ne ya ambaci reshen da ke takara da shi ba.

A ƙarni na 20 babu wanda ya yi wa wannan fanni hidima kamar Waziri Junaidu, jikan gidan Giɗaɗo, wanda aka haifa a 1906, ya zama waziri a 1948, ya rasu a 1997. Ya tattara abin da ya warwatsu a littattafan magabata cikin Labɗul Multaƙaɗati, ya rubuta Tarihin Fulani da Hausa domin waɗanda ba su karanta Larabci, ya kuma buɗe ɗakin littattafansa ga masu bincike. A wurinsa Bature masanin tarihi Murray Last ya zauna ya yi nazarin da ya fito a 1967 kan Daular Sakkwato, aikin da ya dogara da rubuce-rubucen Larabci na mutanen ƙasar fiye da rahotannin Turawa. Hukumar adana tarihi da al'adu ta Jihar Sakkwato tana ɗauke da sunan Waziri Junaidu a yau, ita da Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, suna riƙe da rubuce-rubucen hannu masu yawa, haka ma Gidan Arewa da ke Kaduna.

Duk da wannan arziki, akwai mutanen da rubutun ya tsallake, kuma a nan ne ƙungiyoyin zuri'a na yau suke da aiki na gaske. Na farko su ne mata. Mun san mahaifiyar Shehu Hauwa'u ce, mun san Maimuna ce ta haifi Asma'u, amma a gidajen talakawa, har da na sarauta da dama, sunan kaka mace yakan ɓace cikin zuriya biyu ko uku. Alkunya tana da hannu a ciki, domin mace ba ta kiran sunan mijinta ko ɗanta na fari, yara kuma suna tashi suna jin Inna ko Goggo ko Hajiya Babba, har tsohuwa ta rasu jikokinta ba su san sunanta na yanka ba, balle na mahaifinta da garinsu. Alhali ta wajen uwa ne ake gane yadda gidaje suka haɗu da juna, kuma ta nan ne Fulani da Gobirawa da Zamfarawa da Adarawa suka cuɗanya har suka zama Sakkwatawa. Na biyu su ne waɗanda bauta ta raba da asalinsu. Ba a soke bauta baki ɗaya a Arewa ba sai 1936, kuma akwai gidajen da kakanninsu suka shigo ta wannan hanya, suka rayu, suka yi karatu, suka haifi malamai da attajirai. Batun yana bukatar ladabi da sirri, kuma bai halatta wani kwamiti ya mayar da takardar zuri'a abin gori ba, amma goge sunan mutum daga jerin 'yan gida saboda asalinsa zalunci ne.

Takardun zamani ma ba su taimaka sosai ba. Makarantun boko sun saba rubuta yaro da sunan garinsu a maimakon na kakansa, shi ya sa muka san Shehu Shagari da sunan ƙauyensu, kamar yadda ake da ɗaruruwan masu amsa Tambuwal ko Wamakko ko Gwadabawa waɗanda ba su haɗa jini ba. Wa da ƙane sukan fito da sunaye daban a katin ɗan ƙasa. Dokar tilasta rajistar haihuwa da mutuwa ta 1992 tana nan, amma haihuwa a gida da binnewa ba tare da takarda ba su ne suka fi yawa a karkara.

Abin da ke damuna a wasu takardun zuri'a da ake bugawa yanzu shi ne gaggawar kai kowane gida ga Shehu, ko ga wani sharifi, ko ga wani sarkin Alƙalawa, tsohon babban birnin Gobir, ko da kuwa akwai gurbin kakanni uku ko huɗu da ba wanda ya san su. Da zarar an buga irin wannan an raba a WhatsApp, shekaru kaɗan ne zai zama hujja a hannun jikoki, wata rana ma a gaban alƙali a shari'ar gona. Hanyar Malam Abdullahi ta fi aminci: a rubuta sunan tsohon da ya ba da labari da ranar da aka ji daga gare shi, in an sami ruwaya biyu a ajiye su duka, inda sani ya tsaya kuma a bar gurbin a buɗe.

Lokaci kuma ba ya jira, musamman a gabashin jihar. Hare-haren 'yan bindiga a yankunan Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo sun tayar da ƙauyuka, mutane sun watsu zuwa Sakkwato da Nijar, kuma tsofaffin da suka haddace wanda ya sari dajin kowace gona da wanda ya haƙa kowace rijiya suna rasuwa a wuraren da ba nasu ba. Gafakar da aka gudu aka bari ta zama rabon gara ko wuta. Ƙungiyar da ke da kuɗin kama zauren taro da buga kalanda tana da ikon tura matasa biyu da waya su zauna da waɗannan dattawa, maza da mata, su naɗi muryarsu, su ɗauki hoton duk wata takardar ajami ko ta gado da ta tsira, a ajiye kwafi ɗaya a gida, a kai ɗaya hukumar adana tarihi ko jami'a.