Ba Sai An Dasa Ba Daji Ke Dawowa

An daɗe ana ɗauka cewa in daji ya ƙare, maganinsa dashe ne kawai. A Maraɗi an gwada hakan shekara da shekaru, yawancin dashen na mutuwa a rani na farko, don saiwarsa ba ta kai ga laima ba, awaki kuma ba sa raga masa.

Itatuwan da aka sare ba su mutu ba. Kututturen kalgo, sabara da magarya na nan da tsohuwar saiwa mai zurfi, suna toho duk shekara, manomi na share su lokacin sassabe. Daga 1983 aka fara barinsu, abin da ake kira sassaben zamani, kuma an ƙiyasta ya farfaɗo da kadada miliyan 5 a kudancin Nijar.

A kowane kututture, zaɓi toho uku zuwa biyar masu ƙarfi, ka cire sauran. Cire rassan gefe daga ƙasa zuwa rabin tsayin tohon kawai. In ka wuce haka, iska za ta karya shi. Lauje ko gatari ya yi kaifi, a sara daga ƙasa zuwa sama, domin sara daga sama zuwa ƙasa na ɓare ɓawo, cuta ta shiga. A koma bayan 'yan watanni.

Amma wahalar ba a sara take ba. Muddin itace na hukuma ne, wa zai rene shi? Sai da manoma suka tabbata amfanin nasu ne, ƙauyuka irin su Ɗan Saga suka kafa kwamitin tsaro mai cin tarar masu saran dare, sannan aikin ya kankama.