Harshen uwa, da waɗanda suka ɗauka Hausa ce kawai

Tun da gwamnatin tarayya ta amince a 2022 cewa a riƙa koyar da 'yan firamare da harshen uwa, kalmar ta shiga bakin kowa. Ranar 21 ga Fabrairu kuwa, wadda UNESCO ta keɓe mata, ba a cewa komai. Masu aikin bishara ma sun ɗauka, kuma a nan ne take shan wahala. Mutum ya naɗi wa'azi da Hausa, ya rubuta wa hedikwata rahoto wai ya isar da saƙo da harshen uwa a Sakkwato, Kabi da Zamfara baki ɗaya. Ina!

Harshen uwa shi ne wanda mutum ya buɗi ido da shi, wanda ke fitowa da kansa in ransa ya ɓaci. Ga Badakkaren Zuru, Bakambaren ƙasar Yawuri, Bazabarme ko Bafulatanin ruga, Hausa harshen kasuwa ce. Tsohuwa za ta sayar da dawarta da ita ba a cuce ta ba, amma ka karanta mata wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, sai dai ta gyaɗa kai don ladabi.

Ko a cikin Hausar ma akwai magana. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Rediyon ELWA na mishan ɗin SIM ya fara aiki a Monrobiya a 1954, Muryar Bishara kuma ta yi ta watsa shiri daga Addis Ababa tun 1963 har sojojin Habasha suka ƙwace gidan a 1977. Duk wannan gado ya ginu ne a kan Hausar gabas, ta Kano da Zazzau, wadda ta ƙara samun ɗanɗanon Jos a majami'u. Basakkwace kuwa "munka tahi" yake cewa, ba "muka tafi" ba. "Shina zuwa" yake cewa, "mi kac ce", "hwaɗi". Zai gane Kananci tsaf, tunda ita yake ji a BBC, sai dai jimla biyu sun ishe shi ya san baƙo ne ke magana, kuma a ƙauyen Illela ko Tangaza maganar baƙo sauraronta daban. Mafi muni shi ne Bakano ya ce zai kwaikwayi Sakkwatanci, ya yayyafa "anka" da "sunka" a kan jimlolinsa. Dariya za a yi, a ɗauka ba'a ce.

Shi ya sa horarwa ta gaskiya kan naɗar wa'azi ba daga na'ura take farawa ba. A fara da neman ɗan ƙasa, namiji da mace, domin akwai gidajen da muryar namiji ba ta shiga. Kada a miƙa masa takarda ya karanta: rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, sai ka ji ya yi tuntuɓe a kan "fari", bai san na launi ba ne, na rashin ruwa, ko na ƙwari. A ba shi labarin ya ji har ya zauna masa, ya faɗa da bakinsa, sannan a naɗa. Makirufo ya kasance kamar taƙi ɗaya daga baki, a kashe fanka, a nisanci janareta, a rataya barguna a bango su sha amo. Shiri kada ya wuce minti 15. In aka adana shi a MP3 mai ƙarfin kilobit 64 a daƙiƙa, wajen megabait 7 ne kawai, zai bi WhatsApp ko katin memori ba wahala.

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne gwaji. A kunna wa mutum uku ko huɗu da ba su san aikin ba, ba dattawan ikilisiya ba, don su sun riga sun haddace labarin. Kada a tambaye su ko ya yi daɗi, kunya ba za ta bar su su ce a'a ba. A ce su maimaita abin da suka ji. Inda suka yi shiru ko suka juya ma'ana, can za a koma a sake naɗa, ko da an riga an saka kiɗa.