Dokar New York kan sayar da bukin ɗin tebur (wurin da aka kama a gidan abinci): wa ta kama, wa ta bari?

Akwai wata kasuwa da ta bunƙasa a intanet inda mutum ke sayar da wurin da ya kama amma ba zai samu zuwa ba, tebur a gidan abinci ne ko ɗaki a otal ko tikitin wani taro, maimakon kuɗinsa ya tafi a banza sai ya sa a shafi wani ya saya. A haka dai ba laifi, kowa ya amfana.

To amma 'yan kasuwa suka shigo ciki. A birnin New York wasu suka riƙa amfani da manhajar bot, wato manhaja mai aiki da kanta ba sai mutum ya taɓa ba, da zarar gidan abinci ya buɗe ranaku a shafukan kama tebur irin su Resy ko OpenTable sai su kwashe teburan cikin daƙiƙu da sunayen bogi, sannan su kai shafuka irin su Appointment Trader su sayar, tebur da asali kyauta ake kama shi ya koma ɗaruruwan daloli. Kuma in ba a samu mai saye ba tebur ya kwana babu kowa, mai gidan ya yi asara, masu kai abinci da yawanci tukuici ne rufin asirinsu su ma su tashi hannu wayam. Wannan ɓangaren ne ya fi ci min rai gaskiya.

Shi ya sa a Disamba 2024 Gwamnar jihar New York Kathy Hochul ta sa hannu a dokar hana wannan cinikin, ta fara aiki a Fabrairu 2025. Abin da ta ce a taƙaice, duk wani shafi ko manhaja da ba na gidan abincin ba ba shi da ikon tallata ko sayar da bukin ɗinsu sai da rubutacciyar yarjejeniya tsakaninsa da gidan. Wanda ya karya, tara har dala 1,000 kan kowane laifi a kowace rana. Ku lura fa, shafin dokar ta nufa, ba kai da ka bar wa abokinka teburinka ba. Jihar Florida ma ta yi irin ta a 2025.

Ni ina bayan dokar, sai dai ta bar mutumin kirki a tsaka mai wuya, wanda ya biya kuɗin ajiya tafiya ta fasa masa, yanzu hanyar da zai rage asara ta ƙuntace. A wannan fannin Tarayyar Turai ta fi tausayi, dokarta ta 2015 kan tafiyar da aka haɗa jirgi da otal a ciniki ɗaya ta ba matafiyi damar miƙa tafiyarsa ga wani in ya sanar aƙalla kwana 7 kafin tashi, sai dai shi da wanda ya karɓa duka suna da alhakin biyan ragowar kuɗi da kuɗin canjin.

Tikitin jirgi shi kaɗai kuwa yawancin kamfanoni ba sa yarda a canza suna zuwa na wani, haka otal da dama sai an nuna katin shaida mai sunan da aka yi bukin da shi, don haka kafin ka tura kuɗi ka sa mai sayarwa ya fara samo amincewar wurin a rubuce cewa za a mayar da shi sunanka.